Ƙararrawar tsaron gida a Lamorde: abin da ya kamata mai gida ya sani kafin ya ɗaura ta

Unguwar Lamorde tana gaɓar dama ta kogin Isa, a ɓangaren birnin Yamai da ake kira Harobanda, wato bayan ruwa da harshen Zabarmanci. Asalinta garin Fulani ne, sunanta ma da Fulatanci yana nufin mazaunin sarauta. Kafin a buɗe gadar Kennedy a watan Disamba na 1970, sai da jirgin ruwa ake zuwa can daga cikin gari. Bayan gada sai jami'a ta zo, wadda aka aza harsashinta a 1971, aka kuma raɗa mata sunan Abdu Mumuni a 1992. Sai babban asibitin ƙasa na Lamorde, wanda yanzu yake ɗauke da sunan Amiru Bubakar Diallo. Da haka garin makiyaya da masu lambu ya zama unguwa a cikin da'ira ta 5 ta babban birni, inda ɗan asalin wuri yake zaune katanga ɗaya da ɗalibi, da ma'aikaciyar jinya, da malamin lakkwal, da ɗan kasuwar da ya zo daga Maraɗi ko Dogon Dutsi.

Wannan canji, ko da yake alheri ne ga ƙasa, ya zo da nasa nauyi. A da, baƙo ba ya ratsa Lamorde ba a san gidan da ya sauka ba, kuma gida ba ya zama babu kowa, domin ko maza sun tafi gona ko kiwo, akwai tsohuwa a tsakar gida, akwai kare a bakin garke. Yau kuwa akwai gidajen da ake rufewa da kwaɗo tun da sassafe har la'asar, akwai ɗakunan haya da masu su ke kwana wurin aiki, akwai ɗaliban da ke tafiya hutu su bar kayansu wata biyu ko uku. Kayan da ake bari kuma ba irin na da ba ne: babur, da telbijin, da kwamfuta, da batirin hasken rana, da keken ɗinki, abubuwan da mutum ya yi shekaru yana tarin kuɗinsu, ko kuwa bashi ya ci bai gama biya ba. Wanda aka ɗauke wa babur ɗin da yake kabu-kabu da shi, abincin iyalinsa aka ɗauke.

Albashin mai gadi kuwa ba kowa ke iya biya ba. Saboda haka hankalin wasu magidanta ya fara komawa ga ƙararrawar tsaro marar waya, wadda ake saye cikin kwali wurin masu kayan lantarki, ko a aiko da ita daga waje, mai gida ya ɗaura ta da hannunsa cikin yini guda ba tare da ya fasa bango ba. Sai dai ƙarshen labarin yakan zama iri ɗaya: jiniya ta yi kuka da tsakar dare sau biyu sau uku, maƙwabta su fito da sanduna su tarar da akuya, a rana ta huɗu a zare pil a jefa na'urar cikin akwati. Ba kullum laifin na'urar ba ne. An ƙera ta domin gidajen ƙasashe masu sanyi, gidaje rufaffu masu ƙofar katako, inda wuta ba ta cika ɗaukewa. Gidan Lamorde kuwa tsakar gida gare shi a buɗe, da ƙofar ƙarfe, da dabbobi, da zafi, da ƙura, ga kogi a bayansa. Wanda zai ɗaura ƙararrawa a nan sai ya fara da nazarin gidansa kafin ya buɗe kwali.

Asalin abin

Ba sabuwar dabara ba ce. A 1853 wani mutumin Amurka mai suna Augustus Pope, mazaunin kusa da birnin Boston, ya sami takardar mallakar ƙirƙira a kan wata ƙararrawa mai aiki da batir, wadda ke kaɗawa da zarar an buɗe ƙofa ko taga. A 1857 wani ɗan kasuwa, Edwin Holmes, ya sayi dabarar, ya kai ta birnin New York ya mai da ita sana'a. Shi ne ya gane cewa ƙararrawar da ke kaɗawa a gidan da babu kowa aikin banza take yi, don haka daga baya ya haɗa gidajen masu hulɗa da shi da wani ofis guda ta hanyar wayar tangaraho, inda ake da mutane a zaune dare da rana suna jira. A 1966 kuma wata ma'aikaciyar jinya baƙar fata, Marie Van Brittan Brown, mazauniyar wata unguwa ta New York inda ƴan sanda ba su cika saurin zuwa ba, ta tsara tare da mijinta wata na'ura mai kyamara da maɓallin kiran agaji, aka ba su takardar mallaka a 1969. Dalilinta ba zai zama baƙo ga ma'aikatan asibitin Lamorde ba: aikinta ba shi da tsayayyen lokaci, kuma sau da yawa ita kaɗai ce a gida da dare.

Abin da zamani ya ƙara shi ne cire wayoyin da ke bin bango, aka maye gurbinsu da igiyar rediyo, aka kuma maye gurbin wancan ofis da talhon da ke aljihun mai gida.

Abin da ke cikin kwali

Babba a cikin kayan ita ce uwar na'ura, wani ɗan akwati mai maɓallan lambobi, wanda ke sauraron sauran, ya kuma yanke shawarar tada jiniya da kiran talho. Sai masu gadin ƙofa, kowane ɗaya kashi biyu ne: guntun maganaɗisu da ake kafawa a jikin ƙyaure, da ɗan akwatin da ake kafawa a jikin dogarin ƙofa. A cikin ɗan akwatin akwai siraran ƙarafa biyu a cikin bututun gilashi. Muddin ƙofa tana rufe, maganaɗisu yana riƙe da su a haɗe, da an buɗe kuwa sai su rabu, nan take saƙo ya tafi ga uwar na'ura. Sai idon motsi, wanda ake kafawa a kusurwar ɗaki. Sai jiniya, wadda ƙararta takan kai desibel 100 zuwa 110, wato abin da zai ta da mai nauyin barci a gida na uku. Daga ƙarshe akwai ƴan makullai masu maɓalli, na kunnawa da kashewa daga nesa.

Dukansu suna magana da juna a kan zangon rediyo guda, galibi megahaz 433 ko 868, kuma ana rubuta lambar a jikin kwali. Wanda zai ƙaro mai gadin ƙofa daga baya ya tabbata lambar ɗaya ce, kuma gara ya kasance na kamfani ɗaya, domin ko zango ya zo daidai, harshen da suke magana da shi yana iya bambanta.

A ina za a kafa su?

Takardar da ke cikin kwali takan nuna hoton gida guda rufaffe, a kunna ƙararrawa idan kowa ya fita, a kashe idan an dawo. Babban gida a Lamorde ba shi da irin wannan lokaci. Kullum da mai shiga da mai fita: yara, da baƙi, da ƴan haya, da mai kawo ruwa, da wanda ya tashi tsakar dare zuwa ban ɗaki a kusurwar gida, da waɗanda suka farka tun kafin kiran assalatu. A lokacin bazara ma iyali duka a tsakar gida suke kwana. Duk wanda ya ce zai tsare gida baki ɗaya da na'ura, iyalinsa zai riƙa kamawa.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce mai gida ya zauna ya lissafta wuraren da ke da kaya kuma ba a shigarsu da dare: ɗakin da ake ajiye babur, da ɗakin ajiyar abinci, da kantin da ke jikin gida mai ƙofa ta waje, da falon da telbijin yake. Waɗannan su ne za a tsare, a bar tsakar gida ga kunnen mutane. Yawancin na'urorin suna da hali biyu na kunnawa, ɗaya na wanda ya fita, ɗaya na wanda yake ciki. A hali na biyu ƙofofin da aka zaɓa kaɗai ke gadi, idanun motsi na ɗakunan kwana suna barci. Wannan hali na biyu shi ne zai fi yi wa mai iyali amfani. Na farko kuwa na ɗalibi ne da ma'aikaci mai ɗaki ɗaya ko biyu. Ɗan haya yana da wata riba kuma: tun da babu waya cikin bango, ranar da zai tashi sai ya kwance kayansa ya tafi da su. Amma ladabi ne ya sanar da mai gidan kafin ya huda ƙyaure.

Uwar na'ura ba a kafa ta a bakin ƙofa inda mai shigowa zai fara ganinta. Idan ya fizge ta ya jefa cikin tulu kafin ta gama kiran talho, magana ta ƙare. A ɓoye ta a ɗaki na ciki, kusa da tsakiyar gida, nesa da firji da manyan ƙarafa. Jiniya kuwa a ɗaga ta sama ƙarƙashin indararo ko bakin rufi, inda hannu ba ya kai sai da tsani, kuma inda ruwan sama ba ya dukanta. Akan ba mai gida ɗan jinkiri, kamar daƙiƙa 30, domin ya fita bayan ya kunna, ko ya danna lambar sirri bayan ya shigo. Lambar da aka zo da ita daga masana'anta, irin su 1234 ko 0000, kowa ya san ta. A sake ta tun ranar farko, kuma kada a zaɓi shekarar haihuwa ko lambar babur.

Ƙofar ƙarfe da bangon ƙasa

Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Ƙofofi da tagogin Yamai mafi yawa na ƙarfe ne, aikin masu walda, kuma ƙarfe yana yi wa mai gadin ƙofa illa biyu. Ta farko, yana shanye ƙarfin maganaɗisu, har ratar da ya kamata ta yi aiki a kan katako ta ƙi yi a kansa. Ta biyu, yana tare igiyar rediyo, har saƙo ya kasa isa. Maganin duka biyun guda ne kuma ba shi da tsada: a yanka ɗan katako ko roba mai kauri, kamar rabin santimita zuwa santimita ɗaya, a sa tsakanin ƙarfe da na'ura, a kuma kula kada ratar da ke tsakanin maganaɗisu da ɗan akwatin ta wuce santimita ɗaya idan ƙofa tana rufe. Ƙofar da ke girgiza cikin dogarinta idan iska ta taso, a fara gyara ta wurin mai walda, in ba haka ba guguwar farko ta watan Yuni za ta ta da unguwa.

Akan rubuta a kwali cewa saƙo yana kai mita 100 ko fiye. Wannan awo ne na fili fetal, ba na gida ba. Bangon bulo mai rodi a ciki, da rufin kwano, da tankin ruwa, kowanne yana rage masa tafiya. Don haka kada a kafa kome sai an gwada: mutum ɗaya ya riƙe na'urar a daidai inda ake so, ya buɗe ƙofa ya rufe sau biyar, wani yana gaban uwar na'ura yana duba ko duk sau biyar ɗin sun iso.

Akan haɗo kayan da wani tef mai danƙo fuska biyu, wai a manna kawai. A ƙasar da ƙyauren ƙarfe ke ƙuna hannu da rana, wannan danƙo ba ya daɗewa. Ranar da ya saki, maganaɗisu ya faɗi ƙasa, na'ura kuwa ba ta san bambancin faɗuwar maganaɗisu da buɗewar ƙofa ba. Kusa mai murɗi ita ce abin dogaro. A bangon ƙasa, inda kusa ba ta kamawa, sai a binne guntun katako cikin bangon a yaɓe shi, a bari ya bushe, sannan a ɗaura a kansa.

Ido mai ganin zafi

Idon motsi ya cancanci dogon bayani, domin shi ne ya fi yaudarar mutane. Ba kyamara ba ce, ba ya ganin siffa. Abin da yake ji shi ne hasken zafi da kowane jiki mai ɗumi ke fitarwa, wanda idon mutum ba ya gani. Farar robar da ke fuskarsa an yi mata tsaga-tsaga domin ta raba ɗaki yanki-yanki. Idan abu mai ɗumi ya ratsa daga wani yanki zuwa wani, zafin da ke isa ga idon ya canza farat ɗaya, sai ya yi ƙara. Shi ya sa ya fi saurin kama wanda ya gitta ta gabansa a kan wanda ya nufo shi kai tsaye, shi ya sa kuma kusurwar ɗaki ta fi masa kyau a kan bangon da ke kallon ƙofa. Akan kafa shi a tsawon mita 2 zuwa 2 da kaɗan, yana gani har kimanin mita 10 zuwa 12. Ba ya gani ta cikin gilashi.

To, tun da bambancin zafi yake ji, ƙarfinsa ya dogara ga yadda mutum ya fi abin da ke bayansa ɗumi. Fatar mutum tana tsakanin digiri 33 da 35. A dare na watan Janairu, lokacin da ɗaki ya yi sanyi, mutum a gaban idon kamar fitila yake cikin duhu. Amma a Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai kan wuce digiri 40, bangon siminti da ya sha rana yakan riƙe zafinsa har dare ya raba, sai ya kasance mutum da bango kusan ɗaya suke. A irin waɗannan darare idon yakan yi dishi-dishi, nisan ganinsa ya ragu, kuma ba zai sanar da kowa cewa ya makance ba. Akwai masu tsada da ke ƙara wa kansu kaifi idan zafi ya hau, akwai kuma masu haɗa jin zafi da wata igiyar rediyo da ke dawowa idan ta bugi abu mai motsi. Wanda aljihunsa bai kai nan ba, sai ya riƙe cewa a ƙasar nan mai gadin ƙofa shi ne na farko, idon motsi mataimaki ne, kuma ya gwada shi a tsakiyar bazara, ba ranar da ya saye shi kaɗai ba.

Ɗaya gefen kuma shi ne yawan ƙarar ƙarya. Labulen da rana ta gasa iska ta kaɗa shi, da hasken rana da ya faɗo ta taga, da tsaka ko gizo-gizo da ya bi ta kan fuskar idon, duk suna iya tada shi. A tsakar gida abin ya fi muni: kaji, da kyanwa, da jemagu, da rassan bedi. Akan rubuta a jikin wasu cewa ba su kula dabbobin gida, amma karen ɗaki da kyanwa ake nufi, masu nauyin kilo 20 ko 25. Ragon layya ya wuce nan, akuya kuwa turmi take hawa ta yi tsayin mutum. Wanda yake son tsare garke a kwanakin da ke gaban babbar salla, lokacin da farashin rago ke kiran ɓarayi, gara ya sa mai gadin ƙofa a ƙyauren garken. Ƙurar hunturu ita ma takan lulluɓe fuskar idon. A riƙa share ta da busasshen ƙyalle.

Wuta, pil da layin talho

Ƙananan na'urorin da pil suke aiki, amma uwar na'ura da wutar gida take ci. Mazauna Yamai ba su buƙatar a faɗa musu halin wuta. Ko da yake tashar Goru Banda, wadda aka ƙaddamar a 2017, tana wannan gaɓa ta kogi, shekara da shekaru kaso mafi yawa na wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga Najeriya yake zuwa ta layin Birnin Kabi, kuma kowa ya tuna yadda aka katse layin a watan Agusta na 2023, ba a maido da shi ba sai a Maris na 2024. Saboda haka tambaya ta farko da mai saye zai yi ita ce: akwai batir a cikin uwar na'ura, kuma awa nawa yake riƙewa? Kada ya tsaya ga amsar baki. Ya kai gida, ya zare ta daga bango, ya duba agogo. Wanda ke da ƙaramin faifan hasken rana da batirin bolt 12 yana iya sa mai gyaran lantarki ya haɗa masa ita a can, ya huta. A nan ya dace a tuna cewa mutumin da jami'ar da ke maƙwabtaka da unguwar ke ɗauke da sunansa, Farfesa Abdu Mumuni, rayuwarsa ya ƙarar wajen nuna cewa ranar ƙasar nan dukiya ce. Haka kuma dawowar wuta da ƙarfi bayan ɗaukewa, da tsawar damina, suna ƙona irin waɗannan kaya. Na'urar daidaita wuta ba almubazzaranci ba ne.

Na'urori iri biyu ne wajen kiran mai gida. Wasu ta intanet ɗin gida suke bi, wasu kuwa ana sa musu pus, wato katin layin talho, su kira ko su aika saƙo da kansu. Na farko yana mutuwa tare da akwatin intanet idan wuta ta ɗauke. Na biyu ya fi dacewa da nan. A zaɓi kamfanin da rezonsa ya fi ƙarfi a cikin ɗakin da za a ajiye na'urar, ko Airtel ne, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Telecom, ba wanda ya fi ƙarfi a bakin titi ba. Layin da ba shi da kiredi ba ya kira, layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kuma ana iya rufe shi, mai gida yana can yana barci bisa amanar abin da ya mutu tun watanni.

Pil ma zafi yana rage masa kwana, na jabu kuma yakan zubar da ruwa ya cinye ƙarafan ciki. Inda na'urar ke karɓar pil na lityom, irin su CR123A mai bolt 3, shi ya fi jure zafi. Nan ne wanda ya yi yaƙi da jahilci zai ci moriyar alƙalaminsa: takardar bayani da Faransanci ko Ingilishi take zuwa, amma babu abin da ya hana mai gida ya sami ɗan littafi ya rubuta da Hausa ko Zabarmanci cewa lamba 1 ƙofar kanti ce, lamba 2 ɗakin babur, ga ranar da aka sa wa kowanne pil, ga ranar da aka zuba kiredi. Idan saƙo ya zo da tsakar dare yana cewa lamba 2, ko uwargida ce ta gani ta san inda za a nufa.

Wa zai zo?

Ƙararrawa ba ta kama ɓarawo. Ihu kaɗai ta iya. A ƙasashen da aka ƙera ta akwai kamfanonin da ake biya duk wata su amsa wannan ihu. Magidancin Lamorde da ya ɗaura tasa da hannunsa, maƙwabtansa ne kamfaninsa. Uwar na'ura takan riƙe lambobin talho biyar ko shida, ta kira su bi da bi. Kuskure ne a cika su da ƴan'uwa na jini da ke Tawa ko Damagaram. Bayan mai gida, lamba ta biyu ta zama ta wanda ke jikin katanga, ta uku ta mai kanti ko mai shayi da ke raba dare a bakin hanya, ko ɗaya daga cikin samarin fada da ke zama kusa, idan mutumin kirki ne sananne. A nemi yardarsu tukuna, a gwada jiniyar da rana a gabansu domin su san muryarta, a kuma sanar da mai unguwa. Haƙurin maƙwabci kuwa yana da iyaka: wanda aka tayar sau uku a banza, a na huɗu juyawa zai yi ya gyara kwanciya. Duk abin da aka faɗa a sama game da katako da kusa da akuya, domin tattalin wannan haƙuri aka faɗe shi. Lambar sirri kuma kada ta yawaita hannu, domin da ɗan gari akan ci gari. Idan ɗan aiki ko ɗan haya ya bar gida, a sake ta.

Akwai abubuwa biyu da wajibi ne a ja kunne a kansu. Na farko, jiniya tana tara jama'a cikin duhu, zukata a sama, kuma an sha ganin yadda ihun ɓarawo ke ƙarewa da gawa, wani lokaci ma ta wanda bai ji ba bai gani ba, kamar ɗan gida da ya makara a waje ya haura katanga. Doka ba ta ba kowa ikon hukunta wanda aka kama ba. A kira ƴan sanda a lamba 17, a miƙa shi. Wanda ya ɗaga hannu har aka yi rauni ko rai ya salwanta, shi ma gaban alƙali zai tsaya. Na biyu, wasu kan jona wayar wutar gida a jikin ƙyaure ko kan katanga, suna kiran wannan tsaro. Wuta mai bolt 220 ba ta tambayar suna. Yaron maƙwabci da ya zo ɗaukar ƙwallonsa, ko matar gida da ta taɓa ƙofa da jiƙaƙƙen hannu, su take fara samu.

Kogi

Duk wanda ya zauna a Lamorde ya san cewa babu ɓarawon da ya taɓa kwashe wa unguwar dukiya kamar kogi. An ga haka a 2012, aka kuma ga wanda ya fi shi a 2020, lokacin da ruwa ya kai santimita 700 a ma'aunin Yamai cikin watan Satumba, alhali daga santimita 620 hukuma ke shelar jan gargaɗi. Madatsar da ke kare unguwar ta ɓalle, ruwa ya mamaye gidaje, dubban mutane na Lamorde da unguwannin da ke kusa suka kwana a makarantu. Irin wannan cikowa ta Agusta da Satumba daga ruwan saman yankin take zuwa, ta rafukan Sirba da Dargol da Gorowol, kuma ta fi ta lokacin sanyi, mai tahowa daga ƙasar Gini, saurin hawa.

Uwar na'urar da ke sauraron ƙofa tana iya sauraron ruwa. Akwai wata ƴar na'ura mai ƙafafun ƙarfe biyu, wadda ke aika saƙo da zarar ruwa ya taɓa su tare. A kafa ƙafafun a wuri mafi gangare na gida, kusa da kwata ko bakin ƙofar waje, ɗan yatsa biyu sama da ƙasa domin kada ruwan wanki ya tada ita, akwatinta kuwa a sama. A saita ta cikin masu gadi dare da rana, ko an kunna sauran ko ba a kunna ba. Haka ake saita mai jin hayaƙi, wanda shi ma yana da amfani a gidan da ake ajiye man babur da tukunyar gas, lambar ƴan kwana-kwana kuwa 18 ce. Kada a ɗora wa wannan ƴar na'ura abin da ba ta iya ba. Ba ta san tsawon kogi ba, ba ta san bangon ƙasa ya sha ruwa ya kusa faɗuwa ba. Sanarwar hukuma a rediyo, da awon Hukumar Kogin Isa mai mazauni a Yamai, su ke ba da kwanaki. Ita mintuna take bayarwa, amma a dare mai duhu su ne na ɗaukar yara da tsofaffi da takardun gida.

Saboda wannan dalili, duk wanda gidansa ya sha ruwa a 2020 ya tuna inda ruwan ya tsaya a bango, ya kafa uwar na'ura da batirinta da mahaɗar wutarta sama da nan. Idan kuma hukuma ta ce a tashi, aka bar gida da sauran kaya a ciki, a bar ƙararrawar a kunne da cikakken batir, a sake jerin lambobin talho a sa na waɗanda suka rage kusa, domin maƙwabcin jikin katanga shi ma yana can makaranta tare da iyalinsa.